Asalin Ƙafiya da Sigogin Waƙa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya tashi a Kebbe, ko Tambuwal, ko wani gari na kudancin ƙasar Sakkwato, tun yana ƙarami kunnensa ya saba da waƙa iri biyu. Akwai waƙar makaɗa, wadda ake yi da kotso ko taushi a ƙofar fada, ko da gangar noma a bayan manoma ranar gayya. Akwai kuma waƙar malamai, wadda ba ruwanta da kiɗa, wadda ake rubutawa a takarda tukuna, sa'an nan almajirai da makafi su haddace, su riƙa rerawa a kasuwa da ƙofofin gidaje. Duka biyu waƙa muke ce musu, amma ginin kowace daban yake.

Makaɗi, irin su Ibrahim Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi, ganga ce ma'auninsa. Yakan kafa gindin waƙa, ya riƙa kawo ɗiya ɗaya bayan ɗaya, 'yan amshi suna karɓa suna komawa ga gindi. Wani ɗa ya yi tsawo, wani ya gajarta, kuma ba mai tuhumarsa don ƙarshen wannan magana bai yi kama da ƙarshen waccan ba. Malami kuwa ba shi da ganga. Abu biyu ke riƙe masa waƙarsa, watau awon kari da ƙafiya. Tarihin ƙafiyar nan muke so mu bi, mu ga inda ta fito, da hannuwan da ta biyo har ta zama tamu.

Ƙafiya ita ce sautin da ƙarshen baitoci ke komawa gare shi. Kadan baiti na fari ya ƙare da gona, na biyu da rana, na uku da magana, to, ƙafiyar waƙar ita ce "na", kuma a kanta mai waƙa zai tsaya ko da baitocinsa sun kai ɗari. Malaman makarantun boko sun raɗa mata suna na Hausa, suna ce mata amsa-amo, sunan kuwa ya dace, don amo ne ke amsa ɗan'uwansa. Amma malaman zaure ƙafiya suka sani. Kalmar ta Larabci ce, tushenta ɗaya da sunan ƙeya a harshen, don tana zuwa a ƙeyar baiti.

Larabawa sun ɗauki ƙafiya da girma ƙwarai, har da ita suke kiran waƙa. Ƙasidar da baitocinta ke ƙarewa da harafin dal sai su ce Daliyya, mai lam Lamiyya, mai mim Mimiyya. Burda ta Busiri, wadda ake karantawa a garuruwanmu, Mimiyya ce. Wanda ya fara tsara wannan ilmi a littafi shi ne Halilu ɗan Ahmadu, mutumin Basra a ƙasar Iraƙi, a ƙarni na 8 na Miladiyya. Ya saurari waƙoƙin mutanen da, ya auna su, ya fitar da kari 15, kowane ya ba shi suna, kamar su Ɗawil da Basiɗ da Kamil da Wafir da Rajaz da Ramal. Bayansa wani malami da ake kira Ahfashu ya ƙara ɗaya, Mutadarak, suka cika 16. Abin sha'awa, yawancin sunayen wannan ilmi daga bukkar makiyayi aka aro su. Baiti ma'anarsa ɗaki. Cikin ƙananan gaɓoɓin da ake auna baiti da su akwai wadda ake kira sababi, watau igiya, akwai wadda ake kira watadi, watau turke. Ka ga ke nan, a wurinsu baiti ɗaki ne da ake kafawa da turaku, a ɗaure da igiyoyi, in ɗaya ya tsinke ɗakin ya karkace.

Wannan ilmi ya shigo ƙasar Hausa tare da littattafan addini, tun kafin jihadi da daɗewa. Babbar shaidarmu ita ce Ishiriniya. Wanda ya yi asalinta, Alfazazi, mutumin Andalus ne, ya rasu a 1230. Ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi ya yi masa baiti 20 na yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, harafin nan kuma shi ne ƙafiyarsu. Daga ashirin ɗin nan sunan ya fito. Wali Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta sharhi a kanta. Ashe tun a ƙarni na 17 kunnen Bahaushe yana shan ƙafiya a daren Mauludi, ko da bai san sunanta ba.

Amma inda abin ya kafu sosai, har ya yi rassa cikin harsunanmu, shi ne gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma a nan labarin ya iso ƙofar gidanmu. Bayan hijira da yaƙe-yaƙen farko, jama'ar Shehu ta zauna a Gwandu tun daga 1805, sa'an nan Shehu ya koma Sifawa, daga can ya shiga Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Gwandu tana arewa da Tambuwal, ba nisa tsakaninsu, Kebbe kuwa tana kudu. A Gwandu ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, ya ƙare kwanakinsa, kuma a cikin malaman zamanin nan ba a sami wanda ya fi shi sanin harshen Larabci da waƙarsa ba. A 1813 ya tattara ƙasidunsa a littafin da ya kira Tazyinul Waraƙati, yana kawo kowace ƙasida tare da labarin abin da ya sa ya yi ta, har littafin ya zama ɗaya daga cikin manyan madogaran tarihin jihadi. Ya kuma rubuta littafi musamman a kan awon waƙa da ƙafiya, mai suna Fathul Laɗifil Wafi, shi ma a waƙe. Nahawu da sarfu ma a waƙe ya tsara su, don almajiri ya sami saukin hadda.

A hannun wannan malami Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya tashi, a wurinsa ya yi karatu. Buhari shi ne ya zauna Tambuwal ya mai da ita ribaɗi, zuriyarsa suka ci gaba da sarautar garin bayansa. Mutane sun fi tunawa da shi a kan sarauta da yaƙi, amma sha'iri ne, ya bar ƙasidu na Larabci waɗanda masana ke lissafawa cikin kyawawan abin da aka yi a daular. Saboda haka mutumin Tambuwal ko Kebbe da ya ji ana zancen Ɗawil da Basiɗ, kada ya zaci baƙon abu ne daga nesa. Wanda ya kafa sarautar Tambuwal da su ya yi aiki.

To, Larabci na malamai ne. Manomi da makiyayi da matan cikin gida ba su jinsa, alhali kuwa su ake so a karantar. Babu injin buga littafi, takarda kuma sai an ketaro Sahara da ita, tana da tsada. Dabarar da Shehu da mutanensa suka yi ita ce su zuba karatun cikin waƙa da Fillanci da Hausa, a bisa awo da ƙafiya irin na Larabawa. Farillan alwala, da hukuncin gado, da tarihin Annabi, da tsoratarwa a kan kabari da hisabi, duk aka waƙe su. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta fi kowa cin moriyar wannan hanya. Takan naɗa jajis, watau shugabannin mata, su zo daga ƙauyuka da 'yan taru, su haddace waƙoƙinta, su koma su koya wa waɗanda ba su sami zuwa ba.

A nan ne amfanin ƙafiya na gaskiya ya bayyana. Zance in an sake shi, kowane baki ya ɗauka sai ya rage wani abu ko ya ƙara. Amma baiti mai awo da ƙafiya, in aka sauya masa kalma sai ya yi ɗingishi, mai sauraro ya ji, ya ce ba haka take ba. Matar da ta manta ƙarshen baiti kuwa ta riga ta san sautin da zai ƙare da shi, rabin tunawa ke nan. Ƙafiya ita ce ta tsare karatun nan a kan mutanen da ba su da littafi, shekara da shekaru.

Mai karatu zai yi tambaya, yaya aka yi awon Larabawa ya zauna daidai a kan Hausa? Dalili shi ne harsunan biyu sun yi tarayya a abu guda. A Hausa, kamar a Larabci, gaɓar kalma iri biyu ce, mai sauƙi da mai nauyi. "Da" da "na" masu sauƙi ne. "Kai" da "can" masu nauyi ne, haka kuma duk gaɓar da ake jan wasalinta. Karin waƙa kuwa ba kome ba ne illa jeranta masu sauƙi da masu nauyi bisa tsari ɗaya, a yi ta maimaita shi. Ta wajen ƙafiya ma Hausa ta fi Larabci sauƙi, don kusan dukan kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Sai dai sauƙin nan yana da illa. Wanda ya ɗauki "wa" ko "ba" ya zama ƙafiyarsa, ba zai rasa abin rufe baiti ba har gobe, don kusan kowane aiki ana iya liƙa masa "wa", kowace magana kuma ana iya kore ta da "ba". Manyan mawaƙa sun yi amfani da su, sun kuma yi kyau. Amma a hannun rago sukan zama abin cike gurbi, a ji waƙa tana ta amsa amo, ba ta faɗi kome ba.

Sigar waƙa kuwa da yawan ɗangwayen baiti ake gane ta, ɗango shi ne layi guda. Wadda kowane baitinta ɗango ɗaya ne ana ce mata gwauruwa, don ba ta da abokin zama. Mai biyu ita ce 'yar ƙwar biyu, ko 'yar tagwai, ita ce kuma ta fi kusa da ƙasidar Larabawa, inda baiti ke da rabi biyu, ƙafiya tana a ƙarshen na biyun. Akwai wani reshe nata da malamai suka fi so wajen karantarwa, inda rabin farko ke amsa na biyu, in an shiga sabon baiti a sake sabuwar ƙafiya. Haka Alfiyya ta Ibnu Malik take, mai baiti wajen dubu a kan nahawu, don ba mai iya tsare ƙafiya ɗaya a kan dokokin nahawu har baiti dubu ba tare da ya matsa wa ma'ana ba. Ana samun 'yar ƙwar uku da 'yar ƙwar huɗu, amma ba su kai sauran yawa ba.

Wadda ta fi shiga ran Hausawa ita ce 'yar ƙwar biyar, kuma ta cancanci a daɗe a kanta. Ƙafiya biyu gare ta. Ɗangwaye huɗu na farko suna da tasu, wadda ake kira ƙaramin amsa-amo, ko na ciki, tana sakewa daga baiti zuwa baiti. Ɗango na biyar kuwa yana riƙe da babban amsa-amo, wanda ba ya sakewa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Misali, a baiti ɗaya a sami gida, fada, gada, tada, sa'an nan na biyar ya ƙare da gaskiya. A baiti na gaba a sami kifi, rafi, ƙarfi, zurfi, na biyar ya ƙare da duniya. Kunne yana samun sabon abu a kowane baiti, kuma yana da masaukin da ya tabbata zai koma.

Sai dai ba kowace mai ɗango biyar ce mutum ɗaya ya yi ta ba. Akwai abin da ake kira tahamisi, daga hamsa, watau biyar. Malami yakan ɗauki waƙar wani 'yar ƙwar biyu, wadda yake ganin girmanta, ya ɗora ɗango uku nasa a bisa kowane baiti. Ukun nan dole su bi karin mai waƙar, su amsa amon ɗangonsa na farko, su kuma share wa ma'anarsa hanya, har mai ji ya zaci baki ɗaya ne ya faɗi duka biyar ɗin. In ɗango biyu aka ɗora, suka zama huɗu, shi ne tarbi'i. Aiki ne mai wuya, don mai tahamisi ba shi da ikon zaɓen kari, ba shi da ikon zaɓen ƙafiya, kuma inda zai sauka an riga an ƙayyade masa. Almajiri yakan yi wa waƙar malaminsa, ɗa ya yi wa ta ubansa, don neman albarka da nuna cewa ya fahimci abin da aka faɗa.

Ishiriniyar da muke ji a Mauludi tahamisi ce. Biyun ƙarshe na kowane baiti su ne na Alfazazi, ukun farko na wani malami ne, Ibnu Muhibu. Malam Abdullahi ma, cikin abin da ya fara yi na waƙa akwai tahamisin Daliyyar da wansa Shehu ya yi ta begen Annabi. A Hausa kuwa babban misali shi ne Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗi ga sarakuna da alƙalai da talakawa a kan zalunci, wadda kowane baitinta ke rufewa da kalmomin da suka zama sunanta. Jama'a sukan ce waƙar Shehu ce, ba su kuwa yi ƙarya ba, amma zancen bai cika ba. Shehu ya yi ta da Fillanci, Nana Asma'u ta juya ta zuwa Hausa, tahamisinta kuma ana danganta shi ga autan Shehu, Isan Kware. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Mutum yakan tashi a gaban jama'a ya jawo ɗango ya ce Shehu ya ce, ya kafa hujja da shi, alhali ɗangon na mai tahamisi ne. Wanda ya san siga ba ya faɗa wa wannan rami. In ya tabbata waƙa tahamisi ce, sai ya ƙirga, ya san na huɗu da na biyar su ne na mai asali.

Da Turawa suka zo, boko ya shigo, sai waƙa ta sami sabuwar hanya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta riƙa buga waƙoƙin masu karatunta. A shekarun 1950, zamanin da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga littattafan waƙa masu arha, cikinsu har da Waƙoƙin Hausa a 1957. Abin da ake waƙa a kai ya faɗaɗa, aka shiga siyasa da ilmin zamani da tsafta da noma, amma sigogin nan na gidan Shehu ba su gushe ba. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, da ya tashi yi wa sarakunan Arewa gargaɗi a waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, 'yar ƙwar biyu ya yi, ya tsare ƙafiya ɗaya, "ya", tun daga farko har ƙarshe. Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, ya gina Imfiraji a kan ƙwar biyar, amma karinta daga kiɗan caji ya ɗauko shi, ya raba shi da zancen banza ya ɗora masa wa'azi. Ka ga a nan waƙar makaɗa da ta malamai sun haɗu a tukunya ɗaya.

Yankinmu ma bai zauna baya ba. A Jega, yamma da Kebbe, aka haifi Alhaji Aƙilu Aliyu a 1918. Ya yi yawon neman ilmi har Kano da Barno, ya rasu a 1999, littafinsa Fasaha Aƙiliya kuwa ya fito a 1977. Masana da yawa suna ganin a ƙarni na 20 ba a yi wanda ya fi shi iya sarrafa amsa-amo ba, don yakan zaɓi sauti mai wuyar samu, ya yi ta jero kalmomi a kansa ba tare da ma'ana ta raunana ba. A kan hanyar Tambuwal zuwa Sakkwato kuma akwai garin Shagari, inda aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925. Tun yana malamin makaranta, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su haddace labarin ƙasarsu da garuruwanta. Dabarar Nana Asma'u ce ya ɗauko, ya kai ta aji.

Amma akwai abin da boko ya rage mana, ya kamata wanda ya koyi karatu da shi ya sani. Ajami yana nuna jan wasali, da alif ko wawu ko ya. Boko ba ya nunawa. Gari da ake zama a ciki, da gari na tuwo, rubutunsu ɗaya ne a boko, alhali gaɓar farko ta ɗaya mai sauƙi ce, ta ɗayan mai nauyi. Saboda haka ba a auna waƙa da ido a takardar boko, sai an ɗaga murya an rera ta. Wani abin kuma ya shafe mu mu mutanen yamma musamman. Waƙoƙin gidan Shehu da Hausar Sakkwato aka yi su. Inda mu muke cewa munka da sunka, mutumin Kano muka da suka yake cewa. To, "mun" gaɓa ce mai nauyi, "mu" kuwa mai sauƙi. Kadan mai kwafe ko mai buga littafi ya ga munka ya zaci kuskure ne, ya gyara ta ta koma muka, ya karya baitin ke nan, ko da ma'ana ba ta sake ba. Mutumin Kebbe da ya ji irin wannan baiti yana ɗingishi, sau da yawa in ya mai da shi bakin garinsu sai ya ga ya miƙe.

Saura abu guda da ake samu a ƙarshen tsofaffin waƙoƙi, wanda ke rikita sabon mai karatu. Bayan mai waƙa ya yi godiya ga Allah da salati, sai a ga wata kalma wadda ba Hausa ba ce, ba kuma Larabcin da aka sani ba. Wannan shi ne ramzi, watau shekarar da aka gama waƙar, an ɓoye ta cikin haruffa, an gina kalma da su yadda za ta shiga awon baiti. Kowane harafi yana da adadinsa. A lissafin da malamanmu suka gada daga Magrib, shin 1000 ne, ra 200, nun 50. In ka ga ramzin da ya tara shin da ra da nun, shekara ta 1250 ta Hijira ake nufi, wadda ta kama a cikin 1834, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi ya sa shin da ra ba su rabuwa da ramzin waƙoƙin ƙarnin jihadi. Sai dai a yi hattara, lissafin mutanen Gabas, irin na littattafan da ake bugawa a Masar, daban yake. A wurinsu shin 300 ne, gain shi ne 1000. Wanda ya ɗauki takardar da aka rubuta a Gwandu ko Tambuwal ya lissafa ta da ƙidayar Masar, zai mai da waƙar baya da shekara 700.